Gidan abincin da muke kallon Rose Bowl a Kolumbus: abinci ya yi, tarihi ya yi, injin cacar ne ya tsaya min a rai

Jama'a salamu alaikum. Masu yawan tambayata wai ina ake zuwa kallon ƙwallon jami'o'i a nan Kolumbus ta jihar Ohio, musamman 'yan uwanmu da suka zo karatu ko aiki kwanan nan suka tarar gari kaf ya koma ja da ruwan toka, kalar jami'ar Ohio State da ke nan garin, duk ranar Asabar, to ga bayani kan wani gidan abinci da ke arewacin gari wanda muka saba zuwa ni da iyali. Ba zan kama sunansa ba saboda akwai abin da zan soka, kuma mai wurin dattijon kirki ne, ba na son in taɓa masa hanyar abincinsa. In maki goma ake bayarwa ni bakwai zan ba su, ukun da na cire kuwa kusan duk a kan abu ɗaya ne, zan zo kansa.

Abinci tukuna. Fukafukan kaza su ne abin da aka san su da shi, ana soya su su yi ƙaras sannan a juya su cikin miyar barkono, akwai mai ɗan zafi akwai mai zafi sosai, kuma ni dai mai zafin sosai ɗin ne ya yi daidai da bakina. Abin da ya sa muka riƙe wurin shi ne in ka kira su da wuri ka ce kana son kazar halal, suna saro ta daga mahautan Somaliyawa da ke nan gari, su soya ta a tukunya daban da mai daban, na shiga kicin ɗin da kaina na gani. In ba ka kira ba to ka tsaya a kifi, tarwadarsu da ake turbuɗawa a garin masara a soya tana da daɗi ƙwarai, da soyayyen dankali da kabeji. Ka dai tambaya kafin ka yi odar miya ko wake, don Amurkawa suna son jefa naman alade a inda ba ka zata ba, masu sabis ɗin kuma ba sa ɓoyewa in ka tambaya. Faranti ɗaya wajen dala 15 zuwa 18 ne, ban da tukuicin masu sabis. Shayinsu kam ba shayi ba ne, ruwan zafi ne da 'yar jaka, wannan na haƙura da shi. A ƙarshe suna kawo wata alawa ta markaɗaɗɗiyar gyaɗa da aka tsoma a cakulan, kusan tunkuza ce aka zuba wa sukari, ita ce alawar 'yan Ohio, yara suna rububinta.

Ana sayar da giya a wurin, wannan dole in faɗa tun yanzu. Ɓangaren mashaya yana gaba, ɗakin iyali yana baya da ƙofarsa da talabijin ɗinsa manya guda biyu, mu can muke zama.

Amma gaskiya abin da ya bambanta wurin nan da sauran shi ne bangonsa. Dattijon ya mayar da bango guda sukutum tarihin wasan Rose Bowl, hotuna da tsofaffin tikiti da shafukan jarida cikin gilashi, a jere bisa shekaru tun daga bakin ƙofa har zuwa ɗakin baya, kuma in ba cunkoso zai taso da kansa ya bi ka yana maka bayani kyauta, ba ya gajiya. Ni a bangon nan na fahimci dalilin da ya sa mutanen nan suke ɗaukar wasan ɗalibai kamar wata babbar sallah.

Ga wanda bai sani ba, wannan ƙwallon Amurka ce irin ta zari-ruga, mai hular kwano da sulke, ba tamola ba. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi 10, in ta kai ƙwallo ƙarshen fili maki 6 ne da ƙarin 1 in an buga ta tsakanin sanduna, bugun sanduna kaɗai kuma maki 3. Rose Bowl shi ne mafi tsufa a wasannin ƙarshen kaka na jami'o'i, ana yinsa ranar 1 ga Janairu a garin Pasadena ta Kalifoniya, kusa da Los Angeles. Kuma filin nan da yawanmu mun san shi ba mu san mun san shi ba, a nan aka buga wasan ƙarshe na kofin duniya na 1994, Birazil da Italiya, inda Baggio ya ɗaga fenariti sama, Baggion da ya fitar da Najeriya a gasar.

Hoton farko a bangon ma ba na ƙwallo ba ne, keken doki ne an lulluɓe shi da furanni. Tun 1890 masu kuɗin Pasadena suka fara jerin gwanon furanni ranar sabuwar shekara don su nuna wa 'yan uwansu da ke gabas cikin ƙanƙara cewa su nan fure ke tohowa a tsakiyar hunturu. Sai 1902 aka ce bari a haɗa da ƙwallo don a ja mutane, aka gayyato Michigan ta kara da Stanford a gaban mutum wajen 8,000. Michigan ta wannan shekarar ba wanda ya taɓa cin ta ko maki ɗaya, koci Fielding Yost ne ke jan ta, ta yi wa Stanford 49 da nema har sai da Stanford ta ce a tashi haka saura minti 8. Abin ya ba masu shiryawa kunya suka ajiye ƙwallo gaba ɗaya, suka koma tseren keken doki irin na Rumawa, har tseren jimina an yi, a 1913 ma an sa raƙumi da giwa tsere. Sai 1916 aka dawo da ƙwallo, Washington State ta ci Brown 14 da nema, kuma a cikin 'yan Brown akwai Fritz Pollard, baƙar fata na farko da ya taka wasan. Dattijon ya ba hoton Pollard wuri babba, na ji daɗin hakan sosai.

Filin da ake gani yanzu a 1922 aka gina shi a wani kwari da ake kira Arroyo Seco, wasan Rose Bowl na farko a ciki 1 ga Janairun 1923, jami'ar Kudancin Kalifoniya, wato USC, ta ci Penn State 14 da 3. Daga nan hotunan suna tafiya da sauri. Akwai na 1929 wanda kowa ke tsayawa a kai, wani ɗan wasan jami'ar Kalifoniya Roy Riegels ya tsinci ƙwallo, kansa ya juya, ya sheƙa da gudu sama da yadi 60 zuwa gidansu, abokin wasansa na binsa yana masa ihu har ya tare shi dab da layi, abin da ya biyo baya ya ba abokan karawarsu Georgia Tech maki 2 kuma da 8 da 7 suka ci wasan. Ina tausayin bawan Allahn nan duk lokacin da na ga hoton, yaro ne ɗan makaranta, kuskuren daƙiƙu kaɗan ya bi shi har tsufa. Akwai na 1942 da aka kai wasan Durham ta North Carolina saboda tsoron harin Japan bayan Pearl Harbor, Oregon State ta ci Duke 20 da 16 a gidan Duke ɗin. Sannan 1947 aka fara aiki da yarjejeniyar da ta ba wasan kamanninsa na shekaru da dama, zakaran jami'o'in tsakiyar ƙasa na Big Ten ya haɗu da zakaran gaɓar yamma. Wata al'ada kuma da ta burge ni, ba a yin bikin ranar Lahadi, in 1 ga wata ya faɗo Lahadi sai a ɗaga zuwa Litinin, tun 1893 haka ake yi, asali don kada a firgita dawakan da aka ɗaure a ƙofar coci.

Rabin bangon na biyu kusan duk Ohio State ne, ai ka san gida. Zuwansu na farko 1921 Kalifoniya ta yi musu 28 da nema, dattijon bai ɓoye wannan ba. Sai zamanin koci Woody Hayes, 1955 cikin ruwan sama da taɓo suka ci USC 20 da 7, 1969 suka sake cin USC ɗin 27 da 16 alhali O.J. Simpson yana ciki, suka zama zakarun ƙasa. 1973 USC ta rama 42 da 17 a gaban mutum 106,869, har yau ba a sake tara jama'a haka a wasan ba. Archie Griffin, ɗan nan Kolumbus, ya buga Rose Bowl huɗu a jere kuma shi ne ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara sau biyu, 1974 da 1975. Amma shafin jaridar da na fi daɗewa a gabansa na 1961 ne. A shekarar Ohio State ta ci Big Ten, aka aiko musu goron gayyata, sai majalisar malaman jami'ar ta zauna ta kaɗa ƙuri'a, 28 da 25, ta ce ba za a je ba, don suna ganin ƙwallo ta fara danne karatu kuma harkar ta koma neman kuɗi. Ɗalibai dubbai suka fito zanga-zanga har tsakiyar gari, Minnesota ce ta tafi a madadinsu. Mutanen gari har yanzu haushin malaman nan suke ji, ni kuwa wallahi ina ganin girmansu, sun hango wani abu.

A wannan rabin dattijon ya sa hoto ɗaya da ba ruwan Ohio a ciki, na 2006, Teksas da USC, Vince Young na Teksas yana tsallaka layi saura daƙiƙa 19, Teksas ta ci 41 da 38. Ya ce wanda bai sa wannan a bangonsa ba ba masoyin wasan ba ne.

Yanzu ranar wasa. Na 1 ga Janairun 2025 shi ne wanda zan ba da misali da shi, Ohio State da Oregon. Tsarin ya riga ya canza, ƙungiyar jami'o'in yamma ta Pac-12 ta watse, USC da UCLA da Oregon da Washington duk sun koma Big Ten a 2024, Rose Bowl kuma ya zama matakin kwata fainal a sabuwar gasar ƙungiyoyi 12, wato 'yan gida ɗaya ne suka haɗu, tsofaffin da ke wurin suna ta ƙorafi a kan haka. Oregon ba a ci ta ko sau ɗaya ba a kakar, ita ce ta ɗaya a ƙasa, ta ma ci Ohio State 32 da 31 a watan Oktoba, ga kuma ciwon Michigan da ta zo har gida ta ci Ohio State 13 da 10 bai warke ba. Wurin ya cika maƙil tun la'asar. An take wasa ƙarfe 5 na yamma agogon nan, 11 na dare kenan a Najeriya da Nijar, kuma a hunturu magariba tana faɗawa daidai lokacin, na yi wa yarinyar da ke mana sabis magana, nan take ta buɗe mana wani ɗan ɗakin ajiya mai tsabta muka shimfiɗa darduma ni da ɗan yayata. Wannan karamcin shi kaɗai ya ishe ni in koma.

Wasan kansa bai ɗauki lokaci ba. Minti ɗaya da farawa Jeremiah Smith na Ohio State, yaro ɗan aji ɗaya, ya tsallaka layi, kafin Oregon ta farfaɗo an kai 34 da nema, Emeka Egbuka wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne shi ma ya ci nasa, muka tashi tsaye muna ihu kamar ɗan gidanmu ne. An tashi 41 da 21, Smith da yadi 187. Hoton talabijin tas, sauti daidai ba ya kashe kunne, abinci bai yi jinkiri ba duk da cunkoson, sai dai banɗaki da ake bin layi da kuma fakin da ya yi kaɗan. Lokacin da rana ke faɗuwa a kan duwatsun San Gabriel bayan filin, dattijon ya sa aka rage fitilun ɗakin don a gani da kyau, ya ce duk shekara haka yake yi.

To ga inda makina uku suka tafi. A lungun da ke tsakanin mashaya da ɗakin iyali, daidai hanyar banɗaki, an kafa injin caca, allo ne dogo mai haske kamar na cirar kuɗi, duk yaron da zai je wanke hannu sai ya wuce ta gabansa. Ba laifi suka yi a doka ba, suna da lasisi. Da can dokar tarayya ta 1992 ta hana cacar wasanni a kusan duk jihohi in ban da irin su Nevada, sai a watan Mayun 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta soke ta a ƙarar da jihar New Jersey ta ɗaukaka, kowace jiha ta samu damar yin nata. Gwamna Mike DeWine ya sa hannu a ta Ohio a Disambar 2021, aka buɗe ranar 1 ga Janairun 2023 da tsakar dare, kuma wanda aka ba ya fara zuba kuɗi a wani gidan caca a Cincinnati shi ne Pete Rose, mutumin da aka kora daga wasan besbol har abada a 1989 saboda caca. A shekarar farko kaɗai 'yan Ohio sun zuba sama da dala biliyan 7. Gwamnati ta ga kuɗi ta ninka harajin daga kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a watan Yulin shekarar. Kalifoniya kuwa, inda filin Rose Bowl ɗin yake, jama'arta sun yi watsi da shawarar halatta cacar wasanni a ƙuri'ar Nuwambar 2022, ta intanet ɗin ma sama da kashi 80 ne suka ce a'a.

Bari in yi bayanin yadda abin yake, don yaranmu suna jin kalmomin nan kullum a talabijin, iyaye kuma ba su san me ake nufi ba. A ƙwallon Amurka ba a cika yin caca kan wa zai ci kawai ba, kan tazara ake yi. Wani tsohon malamin lissafi Charles McNeil ne ya yaɗa tsarin a Chicago a shekarun 1940. Kamfani zai ce ƙungiya kaza ta fi ƙarfi da maki kaza, in ka bi ta to sai ta ci da fiye da wannan tazarar kafin ka ci, in ka bi mai rauni ko an ci ta kai ka ci muddin ba a wuce tazarar ba. Sannan akwai na jimillar maki, za a haura adadi kaza ko ba za a kai ba. Kowane ɓangare sai ka sa 110 kafin ka ci 100. Ka lissafa, mutum biyu kowa ya sa 110 a ɓangare daban, an tara 220, wanda ya ci a ba shi 210, goman nan ta kamfani ce ko wa ya yi nasara a fili. Shi ya sa sai ka canka daidai sama da sau 52 cikin 100 kafin ma ka dawo da uwar kuɗinka. Tikitin haɗe-haɗe ya fi muni, wasa huɗu a tikiti ɗaya damar cinsa 1 cikin 16 ce, amma abin da ake biya wajen ninki 12 ne, kuma shi ne aka fi tallatawa, shi ne samari suka fi so saboda da dala biyar ana nuna maka sittin.

Tarihin Rose Bowl na 'yan shekarun nan kaɗai ya isa ya nuna wa mutum abin ba ilimi ba ne. 2006 ɗin nan da na faɗa, USC aka ba fifikon maki 7, ita aka ci. 2019 Ohio State aka ba fifikon wajen maki 6 a kan Washington, wasan ƙarshe na koci Urban Meyer, suna gaba 28 da 3, duk wanda ya bi su ya riga ya fara lissafin kuɗinsa, sai Washington ta ci maki 20 a zangon ƙarshe, na ƙarshen saura ƙasa da minti ɗaya, aka tashi 28 da 23, Ohio State ta ɗau kofi masu binta da kuɗi suka tashi a tutar babu. 2021 da korona ta sa aka kai wasan Arlington ta Teksas, Alabama aka ba fifikon kusan maki 20 a kan Notre Dame, wasa ya riga ya mutu, saura kamar minti ɗaya Notre Dame ta ci wasu maki da ba su canza komai ba a fili, 31 da 14, amma sun juyar da kuɗin mutane. 2022 kuma manyan 'yan wasan Ohio State irin su Garrett Wilson da Chris Olave suka ce ba za su buga ba don tsoron rauni kafin a ɗauke su a NFL, babbar gasar ƙwararru, tazarar ta yi ta sauka, sannan aka yi wasan da ba a manta shi, C.J. Stroud ya jefa yadi 573, Jaxon Smith-Njigba ya kama 347, aka ci Utah 48 da 45, nan ma da maki 3 kacal, bai kai tazarar ba. Yaran nan 'yan shekara 19 da 20 ne, wani yana da jarrabawa, wani budurwarsa ta ɓata masa rai, wani ƙafarsa na ciwo bai faɗa ba, ta ina za ka san wannan daga Kolumbus ko daga Kano?

Abin da na gani da idona ranar wasan Oregon shi ya fi damuna. A teburin da ke kusa da ƙofarmu akwai wani saurayi sanye da rigar Ohio State, fuska da fenti ja, amma ana 34 da nema kowa na rungumar kowa shi ya dafe kai. Ashe ya sa kuɗi ne cewa jimillar maki ba za ta kai wajen 55 ba, duk makin da ƙungiyarsa ta ci wuƙa ce a cikinsa, har na ji yana roƙon su daina. Da aka haura adadin ya tashi ya koma wajen injin, ya dawo, ya ciro waya ya ci gaba a manhaja. Ƙungiyar da yake so tun yana yaro tana yin wasan da za a riƙa ba jikoki labari, shi bai ga komai ba. Na ji tausayinsa ƙwarai. Ɗan yayata da ke jami'a ya ce min, Kawu ai wannan kaɗan ka gani, a hostel ɗinmu da wuya ka samu ɗakin da ba mai manhajar nan a waya, har da waɗanda ba su kai 21 ɗin da doka ta ce ba, da sunan yayyensu suke buɗewa. Na ce kai fa? Ya ce wallahi Kawu ban taɓa ba, na ce Allah ya tsare, ka riƙe haka.

Kuma ba masu zuba kuɗin kaɗai abin ke ci ba. Makonni kaɗan da buɗe cacar a Ohio, kocin ƙwallon kwando na jami'ar Dayton, Anthony Grant, ya fito gaban 'yan jarida ransa a ɓace yana cewa masu caca suna bin yaransa da zagi a intanet saboda sun yi asara. A 2023 ɗin dai aka kori kocin besbol na Alabama bayan an gano wata caca da aka yi a Cincinnati kan wasan ƙungiyarsa. Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta roƙa, a farkon 2024 hukumar kula da caca ta Ohio ta hana yin caca kan abin da ɗalibi guda zai yi a wasa, wato yadi nawa zai ci ko sau nawa zai kama. Wannan mataki ne mai kyau, na yaba, amma bai taɓa tallan da ke fitowa kusan duk hutun da aka je ba.

Mu dai Musulmi maganar a bayyane take, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa giya da caca wuri guda ta ce a nisance su, kuma abokaina Kiristoci da muke zuwa tare su ma ba wanda ke son ganin ɗansa a gaban injin nan. A gida ma ai mun ga yadda shagunan bet suka cika unguwanni har Hisbah ta rufe da dama a Kano a 2024. Bambancin nan shi ne an yi wa abin kwalliya, an sa shi cikin hirar masana kafin wasa, an rubuta tazarar a ƙasan allo kusa da sunan ƙungiya, yaro yana tasowa yana ganin kamar wani ɓangare ne na wasan.

Don adalci, injin na wurin yana da iyaka da doka ta sa masa, ba ya karɓar fiye da dala 700 daga mutum a mako, tikitin haɗe-haɗe ba ya wuce wasa huɗu, sai ka nuna katin shaida, an kuma manna lambar neman taimako ga wanda caca ta kama. Masu sabis ba su taɓa ce mana ku gwada ba, ko sau ɗaya. Wayar da ke aljihu ta fi injin haɗari nesa ba kusa ba. Na samu dattijon na ce masa ranka ya daɗe, kai da ka tara tarihin nan da hannunka, me ya kawo wannan tsakiyarsa? Ya ce min abin da yake samu a injin bai taka kara ya karya ba, amma duk maƙwabtansa sun sa, yana tsoron in babu samari za su koma can. Na ce to ko ba za ka cire ba ka matsar da shi cikin mashaya, ka raba shi da hanyar yara. Ya ce zai duba maganar da kamfanin da ya kafa. Zuwana na baya-bayan nan yana nan inda yake, sai dai an sa wani allon katako ya ɗan kare shi daga ɗakin baya, kuma talabijin ɗin ɗakin iyali yanzu ana kashe sautinsa in an shiga talla.

In za ku je da yara ranar babban wasa, ku kira tun mako guda kafin ranar ku kama tebur a ɗakin baya, ku faɗi maganar kazar halal a lokacin, ku shiga ta ƙofar gefe wadda ke kallon wurin fakin don ba ta bi ta mashaya. Wanda kuma tarihin yake so ya gani a tsanake ya je ranar Talata ko Laraba da rana, lokacin dattijon yana nan kuma ba kowa.